Zuwa ga Abba, game da dutsen da za ka hau

Tudun Wada, Zariya

Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ba daga bakinka na ji ba, kuma wannan ya yi mini ciwo. Ƙanwarka ce ta nuna wa Ummanku hotonka a waya, ga takalmi mai ƙusoshi, ga ɗan gatari a hannu, wai hutun Disamba za ku hau Ben Nevis, dutsen nan na ƙasar Scotland. Tun ranar ba ta yi barcin kirki ba. Ta ce ni na jawo, ni na riƙa jan ka zuwa Kufena tun kana ɗan shekara 7. Ban musa ba, kuma ban yi nadama ba, don ban so ka tashi matsoraci. Amma Kufena ko hazon hunturu ya rufe shi, dutse ne a ƙarƙashin ƙafarka.

Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa, saboda haka ka saurare ni. Dutsen nan mita 1,345 ne, kuma kusan daga bakin teku ake fara hawansa. Duk mita 1,000 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kamar digiri 6 da rabi, ban da na iska. A Disamba rana kan faɗi can kafin ƙarfe huɗu. Sararin da ka gani a Fort William, garin da ke gindin dutsen, da safe ba shi za ka tarar a ƙololuwa ba.

Sai dai ba sanyin ke hana ni barci ba, zaftarewar dusar ƙanƙara ce. Iska kan kwashe ta daga gefe guda ta jibge a gefen da ke fake, ta yi ɓawo mai tauri a kan mai laushi, kamar tabkin da samansa ya bushe alhali ƙasa laka ce. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle ta, musamman a gangaren digiri 30 zuwa 45, kuma a ranar da ta zuba da yawa ko washegari. A Maris na 2019 mutum uku ta kashe a wani kwazazzabo na wannan dutsen. Wanda ta rufe, in an wuce minti 15 ba a tono shi ba, sai dai ikon Allah. Wani ma sai bayan makonni ake ganin gawarsa. Ka tuna ranar da muka kai Baffanka: an yi masa wanka, an sallace shi, da hannuna na sa shi. Kai wa zai yi maka? Me zan ce wa uwarka, in ce ɗanta na ƙarƙashin ƙanƙara sai ta narke? Filin Dakace muka sayar don ka yi karatu, Abba, ba don ka bi yaran da aka haifa cikin ƙanƙara ka nuna musu kai ma namiji ne ba.

Na yi zafi, ka yi haƙuri. Na san halinka, in na hana ka za ka tafi a ɓoye, gara in sani.

A lokacin ƙanƙara, masu lura da ita a can kullum suna fitar da rahoton zaftarewa mai matakai biyar. Ka karanta da idonka, kada ka dogara da "an ce". In ya kai mataki na uku, ka bar kwazazzabai. In ka ji ƙanƙarar ta yi gum a ƙarƙashinka, ko ta tsage daga ƙafarka, ka juya ko da abokanka za su yi dariya. Kada ka matsa bakin ƙololuwa, iska kan gina leɓen ƙanƙara a kan rami, in gajimare ya sauko ba ka bambance shi da ƙasa. Ka tafi da taswira da kamfas, sanyi na cinye batirin waya.

Ka turo mini ranar da hanyar da za ku bi. Ka kuma kira Ummanku ran Juma'a, ka gaya mata da bakinka. Allah Ya tsare mini kai.

Mahaifinka