Kafin ka zuba kankaren bene, karanta wannan

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen zango. Saƙonka ya iso. Ka ce gininka na Weija, a gefen Accra, ya kai linta, kana tambaya ko maganar girgizar ƙasa a Accra tsoratarwa ce kawai. Wallahi ba haka ba ne. Ranar 22 ga Yuni 1939 ta afka wa garin da ƙarfin kusan maki 6.5 a ma'aunin girgizar ƙasa, kafin nan ma an yi wata a 1862, kuma yankin Weija na cikin inda ƙasa ta fi yawan motsi.

Amma kada lambar maki ta ɗauke maka hankali. Ta Agadir a Maroko, a 1960, ko maki 6 ba ta kai ba, ta hallaka mutum wajen 12,000, domin ba ta da zurfi, daf da garin ta taso, yawancin gidajen kuma ba rodi. A 2010 ta Haiti maki 7.0 ce, ta ci fiye da mutum 100,000. Bayan mako shida ta Chile ta zo da 8.8, waɗanda suka rasu ɗari biyar da 'yan kai. Can ana bin dokar gini.

Ƙasar da ka ɗora harsashi a kai ita ma abin dubawa ce. Birnin Mexico a 1985 nisansa da tushen girgizar ya kai kilomita 350, amma benayen da ke kan tsohon tafkin da aka cike suka zube, saboda laka tana ƙara wa jijjiga ƙarfi. In filinka cike shi aka yi ko fadama ne, a gwada ƙasar tukuna.

Ka tsaya kan magina a nan: zobban da ke ɗaure rodin ginshiƙi a lanƙwasa bakinsu zuwa ciki, digiri 135. Na digiri 90 buɗewa suke yi, rodi ya bankare, kankare ya farfashe. Kusa da mahaɗar ginshiƙi da bim (kankaren da ke kwance bisa ginshiƙai), tazararsu kada ta wuce santimita 10. Linta ta zagaye ginin duka, ba kan ƙofa da taga kaɗai ba. Yashin teku kuwa, ko kyauta ne ka ƙi shi, gishirinsa na cin rodi. An same shi cikin ɓaraguzan Izmit ta Turkiyya a 1999.

Shagunan da kake so a ƙasa su suka fi damuna. Bene mai nauyi kan ginshiƙai ba bango, nan yake fara durƙushewa. Ka nuna wa injiniya zanen kafin a kawo siminti.

A gaida Hajiya da yara.

Naka amini