Cinikin tsohon jirgin su na buƙatar shaidar Sarkin Ruwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana kan wani ciniki da ba kasafai ake kawo shi shafin jarida ba, wato sayar da tsohon jirgin su (kwalekwalen kamun kifi), domin wata uku na yi ina fama da shi, kuma abin da na gani a cikinsa ya wuce matsalar gidanmu.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Basarke ne a Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima. A 2007 ya je Yawuri ya sa aka haɗa masa jirgin katako, aka ɗoro shi a mota har Sakkwato, kuma da shi ya ci da mu, ya biya kuɗin makarantarmu, ya aurar da ƙannenmu mata biyu da kuɗin tarwaɗa da kurungu da gargaza. A ambaliyar Satumbar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya ajiye taru da mamari ya yi makonni yana fiton mutane da kayansu. Har yau akwai wani ɗan kwarmi a gefen hagu na jirgin inda filafilinsa ya cinye katakon, allon da yake zama a kai kuwa ya yi sumul kamar an shafa masa mai.

Da ya rasu, babu masunci a cikinmu. Ni malamin firamare ne, ƙanena yana sayar da albasa, ga kuma rabon gado da ba ya yiwuwa sai an yi wa jirgin kuɗi. Jirgin katako ba ya jiran mai shi ya gama juyayi: in an jawo shi tudu rana ta busar da allunan, mahaɗarsu ta buɗe, in an bar shi a ruwa babu mai kwarfewa, ƙasansa ya ruɓe.

Kuskuren farko nawa ne. Na tambayi kuɗin sabon jirgi, na rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na ce kuɗinsa ke nan. Mai saye na farko ya zagaya shi sau biyu ya taya abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo ba, na ce albarka cikin fushi, don ji na yi kamar marigayin ya zaga. Da labari ya kai kunnen wani dattijo abokin kamun kifin mahaifinmu, sai ya kira ni bakin gulbi da sassafe ya ce, “Ɗana, kai tsohonka kaka saisuwa, shi kau katako yaz zaka saye.” Na ce, “Baffa, to yaya za a yi?” Bai amsa ba, sai ya zaro ƙusa daga aljihu ya shiga tsokanar allunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Inda katako ke da lafiya ƙusar ta tsaya, amma a wuri biyu kusa da gindi ta nutse kamar an soka ta cikin rogo dafaffe. Ya ƙirga faci bakwai na kwano da kwalta, ya sa muka bar jirgin ya kwana a ruwa, washegari muka kwarfe shi tas, mu uku muka zauna ciki na awa guda, sannan ya auna ruwan da ya tsattsafo da ƙwarya.

Lissafin da ya yi mini bayan haka ba shi da wuya, kuma ina ganin duk mai irin wannan kaya zai amfana da shi. A fara da kuɗin da masassaƙi zai karɓa yau ya haɗa irinsa, a cire kuɗin allunan da dole a sauya da ƙusa da kwalta da ladan mai gyara, sannan a duba shekara nawa ta rage masa a ruwa bayan gyaran, domin wannan ragowar ita ce mai saye yake biya. Taru da mamari da gora a yi musu kuɗi daban, kada a cusa su cikin ciniki a matsayin gyara. Lokaci ma yana da nasa hukunci, don wanda ya fitar da jirgi kasuwa a tsakiyar rani, gulbi ya janye ya bar yashi, ba zai sami tayin da zai samu ba in ruwa ya kawo. Da muka gama, kuɗin ya ɗara tayin mutumin farko, amma bai kai rabin abin da na sa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. Wani dillali ya kawo mini mai saye da tayi mai tsoka, ya kuma ja ni gefe ya ce in sa a shafe ƙasan da sabuwar kwalta, a yi masa fenti, in ja bakina in yi shiru. Da na bincika, ashe mutumin ba su zai yi ba, fiton 'yan kasuwa zai riƙa yi ranar kasuwa. Jirgin da aka haɗa don mutum biyu ko uku da tarunsu, ga shekara kusan 20 a ruwa, shi za a loda wa mata da yara da buhunan hatsi. Dillali la'adarsa yake hange, ni kuwa na tuna hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani.

Mutanen jihar nan ba sa buƙatar a tuna musu abin da ruwa ke yi. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a hatsarin kwalekwale a ƙaramar hukumar Shagari, a Agustan 2025 kuma jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Duk lokacin da irin haka ta faru, maganar lodi fiye da kima da rashin rigar ruwa ake yi, kuma gaskiya ne, amma ba na jin ana tambayar daga hannun wa jirgi ya fito, shekararsa nawa, da kuma aikin da aka haɗa shi dominsa tun farko.

Saboda haka ina kira ga sarakunan ruwa na Kwalkwalawa da Wamakko da Silame da Goronyo da sauran garuruwan bakin gulbi da su mayar da shi ƙa'ida cewa ba a sallama tsohon jirgi sai a gabansu, a gwada shi a ruwa, a faɗi aibinsa a gaban shaidu, a kuma faɗi aikin da zai iya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa da gwamnatin jiha ba su da ma'aikaci a kowace mashaya, amma kowace mashaya tana da dattijon da ya san jirgi da ƙusa ɗaya.

Namu dai mun sayar wa wani saurayi Basarke daga ƙauyen da ke ƙetare, a kuɗin da bai kai na mai fiton ba, rabi hannu, rabi bayan kaka, a gaban Sarkin Ruwanmu, kuma na nuna masa wuraren nan biyu da yatsana kafin in ce na sallama. Filafilin ne kaɗai na cire daga cinikin, na biya sauran magada kuɗinsa, yana jingine a ɗakin mahaifiyarmu.

Naku,
Wani ɗan Sarkawa,
Kwalkwalawa, Sakkwato.