Amsa ga mai tambaya daga Garwa: tsaro ba ya fitowa a takardar maki

Assalamu alaikum ƙanena,

Ka tambaye ni a bainar jama'a yadda Luc Mbah a Moute, ɗan Yawunde, ya yi kaka 12 a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, daga 2008 zuwa 2020, alhali makinsa a kowane wasa bai wuce shida da 'yan kai ba. Ka ce ko dai alfarma ce. Ba alfarma ba ce. Aikinsa shi ne hana gwanin abokan hamayya sakat, kuma takardar wasa ba ta da gurbin rubuta wannan.

Bari mu fara sallamar mai sauƙin, wato ingancin jifa. Kirga maki kaɗai yaudara ce. Ka ɗauki yawan jifan da ɗan wasa ya yi, ka ƙara masa jifan keta (jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa keta) bayan ka ninka shi da 0.44, ka ninka jimlar sau biyu, sai ka raba makinsa da abin da ya fito. Wanda ya ci 20 da jifa 20 ba jifan keta yana da kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya ci 20 ɗin da jifa 12 da jifan keta 8 ya haura kashi 64. Joel Embiid, a kakar 2022-23 da ya zama gwarzon NBA da maki 33.1 a kowane wasa, jifansa na fili, wato wanda ba na keta ba, kashi 54.8 ne ke shiga, amma a wannan ma'aunin ya kai 65.5, saboda yawan ketar da ake yi masa.

Tsaro ne mai wuyar sha'ani. Tun kakar 1973-74 NBA ke kirga ƙwace ƙwallo da doke ta a sama, kuma su matasa ke ɗauka da muhimmanci. To, mai yawan ƙwace sau da yawa ɗan caca ne: in ya dira bai samu ba, ya bar abokansa huɗu da mutum biyar. Mai doke ƙwallo waje kuwa, an tafa masa, amma ƙwallon ta koma hannun masu ita. Shi kuma wanda ya toshe hanya har abokin hamayya ya fasa jifa, ba a rubuta masa komai.

Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne makin da aka ci ƙungiya a hari ɗari. Ga yadda ake ƙiyasta yawan hari: jifa, da 0.44 na jifan keta, da ƙwallon da aka zubar, a cire waɗanda masu hari suka sake cafewa bayan jifansu ya kuskure. Ka fitar da lissafin lokacin da ɗan wasan da kake aunawa ke fili, da lokacin da yake benci, ka gwada.

Nan ma akwai rami. In kullum yana shiga tare da dogon da ke tsare ƙarƙashin kwando, zai ci ladan wani. Wasa uku ko huɗu ba sa yanke hukunci. Mintunan ƙarshe da an riga an yi nisa da maki, ka zubar da su. Kada kuma ka haɗa alƙaluman NBA mai minti 48 da na wasanninmu masu minti 40 kai tsaye.

Su can NBA tun 2013 suke da kyamarori masu bin kowane ɗan wasa. Kai a Garwa, mutum biyu da littafi sun isa: ɗaya ya rubuta shiga da fita da makin da ake a lokacin, ɗaya ya rubuta a gaban wa aka jefa ƙwallo, ta shiga ko ba ta shiga ba.

Wassalam,
Yayanka