Habu, Kafin Ka Ciwo Bashin Nan

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Innarka tana gaishe da yara.

Saƙonka ya iso, na karanta har sau biyu. Ka ce za ka ci bashin banki ka sayo karsana shida ruwa-biyu masu jinin Friesian, shanun Turawa masu yawan nono, don ka ga saniya guda ta cika bokiti a gonar wani. Ban ce idonka ya yi maka ƙarya ba. Amma ka zagaya bayan gonar ka ga rumbun harawarsa?

Bunajinmu in ta ba ka lita biyu a yini bayan maraƙi ya sha, ta yi ƙoƙari. Ruwa-biyu kan kai lita goma in ta samu kula. Sai dai Bunaji in bazara ta matsa sai ta rame, ta daure, ruwa ya sauka ta murmure. Ruwa-biyu kuwa ba ta san haƙuri ba. Kwana uku ka rage mata dusa, hantsa za ta faɗa maka. Zafi ya dame ta, kaska ta kwantar da ita, banki kuwa ba ruwansa da kaska.

Zauna ka yi lissafin nan. Saniya mai nauyin kilo 300 tana cin kusan kilo 8 na busasshen abinci kullum. Daga Nuwamba zuwa Mayu kwana 200 ne da 'yan kai. Kilo 1,600 ke nan a baki ɗaya, kai kuma baki shida kake magana, ban da na gida. Wanda ya jira sai Maris ya je sayen harawa, mai harawa ne zai yanka masa kuɗi, ba shi da ta cewa. Ni tun kaka nake tara tawa, harawar wake da ta gyaɗa, a shanya a inuwa don ganyen kada ya kakkaɓe, a ɗora bisa rumfa inda gara da raɓa ba sa kaiwa. Karan dawa kuma a sassare shi ƙanana, a yayyafa ruwan kanwa, in ba haka ba rabi tattake shi za su yi.

Gonar bakin rafi da kake son ka zuba wa masara duka, ware kashi ɗaya cikin uku ka dasa ciyawar giwa, ka sa lablab a gefe. Lablab ɗan'uwan wake ne, yana ƙara nono, yana kuma gyara ƙasa. In ka yanka ciyawar tana ɗanya, ka datse, ka danne a rami da leda yadda iska ba za ta shiga ba, a bazara za ka buɗe ka tarar da ita da ɗan tsami-tsami, shanu na rububinta. Itatuwan gawon nan uku kuma kada wanda ya sa musu gatari. 'Ya'yansu suna zuba ne daidai lokacin da daji ya ƙone. Takin garken ya koma gonar, buhun takin zamani da za ka saya ya ragu.

Sai cuta. Ina saurayi bushiya, annobar shanu, ta shigo a 1983, na ga dattawa sun wayi gari da sanda kawai a hannu. Allah ya raba duniya da ita, tun 2011 aka ce ta ƙare. Amma ciwon huhu yana nan, boru mai kama baki da kofato yana nan, da harbin daji mai kumbura cinya, da bakkale mai sa ɓari. Wata shekara na sayo bijimi a kasuwa, fari tas, doro kamar tulu, na kai shi cikin garke a daren. Kwana ashirin ya fara tari, yana tsayawa da wuya a miƙe, ƙafafun gaba a buɗe. Kafin likita ya zo na rasa huɗu, har da Goje wadda ka koyi tatsa a jikinta. Laifina ne, ba na kowa ba. Duk dabbar da ta shigo, ɗaure ta nesa wata guda, da kwanon ruwanta daban. Rigakafin huhu ana yin sa a Vom, kusa da Jos, kuma duk shekara ake yi. Ka tabbata a cikin ƙanƙara aka kawo shi, wanda rana ta buga ruwa ne kawai. Saniyar da ta yi ɓari, kada ka taɓa mahaifar da hannu tsirara, kada yara su sha nononta ba a tafasa ba, bakkale tana kama mutum. Kuma ka rage kai shanu fadama, can suke kwaso ciwon hanta.

Saniyar da aka yi wa allura, nononta ba na sayarwa ba ne sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar sun cika. Ruwa kuwa ko cokali kada ya shiga, masu saye suna da abin gwaji, kuma sunan gidanmu ne a bakin jarkar. Maraƙi ya sha dakashi ya ƙoshi a sa'o'in farko. Na san wasu suna zubarwa wai yana sa zawo, garkuwarsa suke zubarwa.

Abin da nake gani shi ne ka je Shika kusa da Zariya, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI, ka tambayi yadda za a yi wa Bunajinmu uku mafi nono barbarar zamani, wato a sa musu maniyyin bijimi mai jinin nono ba tare da an hau su ba. Wata tara su haihu, 'ya'yan su tashi a ƙasarmu, sun san zafinmu tun daga dangwali. Kafin su isa tatsa ciyawarka ta kafu. Ka kuma sayi littafi, kowace saniya da shafinta: abin da ta ci, litar da ta bayar, ranar da aka hau ta. A nan za ka gane wadda ke ciyar da kai da wadda kake ciyarwa.

Saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta kusa haihuwa, hantsarta ta cika tun shekaranjiya. Ka zo ran Asabar, ka taho da aidin na cibiya da sabuwar igiya.

Mahaifinka.