Wasiƙa zuwa ga aminina kan dafa giyar el mai sauƙin sha

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce ka gaji da haɗin gwangwani wanda sai dai a zuba masa ruwa da yis, kana son ka dafa giyarka tun daga tsabar hatsi, kuma ka zaɓi ka fara da el, wato nau'in giyar sha'ir da yis ɗinta ke aiki a ɗan ɗumi, mai launin zinariya, irin wadda baƙo zai kurɓa bai yamutsa fuska ba. Zaɓin ya yi, sai dai kada ka ɗauka cewa sauƙin shanta yana nufin sauƙin dafa ta. Giya mai duhu da ɗaci tana rufa wa mai dafa ta asiri, domin ƙaurin gasasshen hatsi da ƙarfin ɗaci suna binne kurakurai da dama. Wadda kake nema kuwa farar riga ce, ƙaramin tabo sai ya fito fili.

Mu fara da hatsin. Don samun lita 20, kilo 4 na tsiro, wato hatsin da aka jiƙa ya tsiro sannan aka busar, ya wadatar. Ka sa kilo 3.7 na farin tsiron sha'ir, wanda aka busar da zafi kaɗan, sannan giram 300 na tsiron sha'ir da ake kira Biyana ko na alkama; na farkon yana ƙara ɗan ƙamshin gashi, na biyun kuma yana taimaka wa kumfa ta daɗe a bakin kofi. Na san za ka ga jerin tsiro iri-iri, zuciyarka ta raya maka ka ɗan yafa wannan ka ɗan yafa wancan. Ka daure. Dokar giya da aka kafa a Babariya ta ƙasar Jamus a shekarar 1516 ba ta yarda da komai ba sai ruwa da sha'ir da furen hof mai ba giya ɗaci da ƙamshi, ko yis ba ta ambata ba saboda a lokacin ba a gane aikinsa ba, kuma da waɗannan 'yan abubuwan ne ake yin giyar da ta fi kowace daɗin wucewa a maƙogwaro. Wajen niƙa, ɓarza ake so ba gari ba: ƙwayar ta fashe gida uku ko huɗu, ɓawon kuma ya tsira kusan yadda yake, domin shi ne zai zama matata idan an zo tacewa.

Ruwan da za ka yi amfani da shi, in dai na famfo ne, sai ka kawar da kulorin da ke cikinsa, in ba haka ba giyar za ta fito da warin magani. Rabin ƙwayar Campden, maganin da ke kawar da kulorin, ya ishi ruwan aikin gaba ɗaya.

Jiƙon tsiro shi ne inda ake yanke wa giyar hali, don haka a nan nake so ka fi natsuwa. A cikin tsiron akwai sinadarai biyu masu mayar da sitaci sukari. Ɗaya, bita-amiles, ya fi kuzari tsakanin digiri 60 da 65, kuma sukarin da yake samarwa yis yana cinye shi tas. Ɗayan, alfa-amiles, ya fi son wajen digiri 70, yana kuma barin manyan gutsattsarin da yis ba ya iya ci, su ne ke ba giya kauri da ragowar zaƙi. Tunda kana son wadda ba ta cika ciki, ka tsaya a digiri 65 zuwa 66. Ka ɗumama lita 12 na ruwa zuwa digiri 72, ka riƙa zuba ɓarzajjen tsiron a hankali kana juyawa don kada ya yi gudaji. Sanyin hatsin zai sauko da zafin daidai inda kake so. Ka rufe tukunyar, ka lulluɓe ta da bargo, ka bar ta minti 60. Da farko za ka ga ruwan fari ne mai duhu-duhu, yana da ɗanɗanon gari. Kafin lokaci ya cika zai washe, ya koma ruwan zuma-zuma, in ka shafa a yatsa ka ji yana danƙo, in ka lasa ka ji zaƙi sosai. Wannan sauyin, a ganina, shi ne ladan dafawa daga hatsi, mai haɗin gwangwani ba ya taɓa ganinsa.

Wajen tacewa, ba sai ka sayi tukwane da yawa ba. Masu dafawa a gida a Ostareliya sun yaɗa wata dabara mai sauƙi, wato a sa hatsin cikin babbar jakar yadi mai ƙananan huda a cikin tukunyar, idan jiƙo ya kammala a ɗaga jakar ta tsiyaye. Sai ka ɗauraye dusar da ruwa kimanin lita 16 mai zafin digiri 75, har ka tara wajen lita 24. Kada ruwan ɗaurayar ya wuce digiri 77, domin yana iya jawo baurin ɓawon cikin giyar.

Tafasa minti 60 ce, kuma tukunya a buɗe. Akwai wani sinadari da ke fita tare da tururi, wanda in aka rufe murfi yake komawa ciki ya bar wa giyar warin dafaffen ganye. Ka tsaya kusa a mintunan farko, saboda kumfar tana tasowa farat ɗaya ta malale. Game da hof, ni Cascade nake ba ka shawara, irin da aka fitar a jihar Oregon ta Amurka a 1972, mai ƙamshin ɓawon lemo. Ka zuba giram 20 da zarar an fara tafasa domin ɗaci, sannan wani giram 20 idan saura minti 5 domin ƙamshi. Wannan zai ba ka ɗaci a ƙasa da maki 20 a ma'aunin ɗaci na IBU, alhali giyoyin da ake yayi yanzu suna kai 60 ko fiye. Ba na ƙin waɗannan, amma na lura yawancin masu yabonsu kofi ɗaya suke sha su koma ruwa. In ka fi son ƙamshi mai kawaici, Saaz na ƙasar Cek ko Goldings na Ingila za su yi maka.

Daga lokacin da ka sauke tukunya, duk abin da zai taɓa ruwan tsiron, ko cokali ne ko bututu ko mazubi, dole a wanke shi sannan a kashe masa ƙwayoyin cuta. Wanki daban, kashe ƙwayoyi daban, kuma na biyun ba ya aiki a kan datti. Ka sanyaya ruwan da sauri zuwa digiri 18, ko da ta hanyar tsoma tukunyar cikin ruwan ƙanƙara ne, ka juye a mazubin da yis zai yi aiki a ciki kana bari ya fantsama don iska ta shiga, sannan ka barbaɗa ƙunshi ɗaya na busasshen yis marar yawan ƙamshi, kamar US-05 mai giram 11.5.

Abin da ya fi lalata irin wannan giyar shi ne zafi a kwanaki ukun farko. Yis ɗin el yana son digiri 18 zuwa 20, kuma aikinsa da kansa yana ɗumama mazubin da digiri biyu ko uku sama da zafin ɗakin, abin da mutane da yawa ke mantawa. In zafi ya yi yawa, sai ka sami warin ayaba da yaji mai ƙona maƙogwaro, waɗanda ba sa gushewa komai daɗewar ajiya. Ka ajiye mazubin cikin baho mai ruwa, ka riƙa jefa gorunan ruwa daskararru safe da yamma. Bayan kwana huɗu ko biyar ka bar shi ya ɗan ɗumama, domin yis ya koma ya share wani ɗanɗanon man shanu da shi da kansa ya samar tun farko. Ka ba shi mako biyu ba tare da yawan buɗe murfi ba, saboda iskar da ta amfane ka a ranar farko yanzu ita ce ke sa giya ta yi ɗanɗanon tsohon kwali.

Kada ka yarda da tsayawar kumfa a matsayin shaidar an gama. Ma'aunin kauri, wanda ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwan, shi ne zai gaya maka gaskiya. Kafin zuba yis ya kamata ya nuna wajen 1.042, a ƙarshe kuma wajen 1.009, ka ninka bambancin da 131, za ka sami ƙarfin barasa kimanin kashi 4.3 cikin ɗari. Sai adadin ya tsaya cak kwana uku a jere za ka ɗura a kwalba, domin kwalbar da aka rufe da sauran aiki a ciki tana iya tarwatsewa ta ji wa mutum ciwo. Ka narka giram 120 na sukari a ɗan tafasasshen ruwa, ka gauraya a hankali, ka ɗura a kwalabe masu ruwan ƙasa, saboda haske yana ratsa kore da fari ya ɓata hof cikin ɗan lokaci. Mako biyu a wuri mai ɗumi, sannan 'yan kwanaki a firji. Wajen tsiyayawa ka karkata kwalbar a hankali, ka bar gurɓin yis a ƙasa.

Ban san yadda doka take a inda kake zaune yanzu ba, don haka ka bincika kafin ka kunna wuta. A Biritaniya an halatta dafawa a gida ba tare da lasisi ba tun 1963, a Amurka kuma sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta halatta shi.

Ka rubuta zafin jiƙo, da na mazubi, da abin da ma'aunin kauri ya nuna a farko da ƙarshe, ka aiko mini da su tare da bayanin yadda ka ji ta a baki. Da su ne za mu duba ko a karo na biyu zafin jiƙon za a ɗaga da digiri ɗaya ko hof za a ƙara. Ka gaishe mini da mutanen gida da kyau.

Naka amini.