Zuwa ga mutumina na Columbus: labarin saitin sabuwar bindiga

Assalamu alaikum mutumina,

Kwana biyu shiru, laifina ne na sani, kar ma ka fara. Ya sanyi? Ya madam da yara? Nan Aboabo kowa lafiya, hunturu ya shigo da ƙarfinsa har leɓe na tsagewa, Hajiya tana gaishe ka tace wai ko ka manta hanyar Kumasi ne.

Toh maganar da ka dame ni da ita tun bara, bindiga dai ta zo hannu. CZ 457 ce, .22 LR, ƙirar ƙasar Cek, magazin ɗinta na cin harsashi 5. Takardar lasin ta fito daga wajen 'yan sanda da sunana da lambar bindigar, kuma duk shekara sai an sabunta, saboda haka cire tsoro, ba ta bayan gida na bi ba. Ban taɓa ta ba sai da aka buɗe daji, ka san nan daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an hana farauta don dabbobi su hayayyafa, akranti, wato wani babban ɓeran daji, kaɗai ake bari shi ma sai da takardar masu kula da namun daji. Kuma shi ne ma ya sa na saya, don abin da akranti ya yi wa masara da rogo a gonar Ejura bana, in ka gani sai ka ɗauka an bi da lauje. Ni ban damu da namansa ba, kai shaida ne, amma a kasuwar naman daji ta Atwemonom rububinsa ake.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce bayan asuba muka kama hanya ni da ƙanena, muka hau dutsen Mampong hazo ya rufe ko ina, kafin tara muna gona. Na tafi da kwalayen indomi guda shida, tef na awo, alƙalamin maka, da buhu biyu da muka cika da yashi. Wajen harbin wani tsohon rami ne da aka ɗebi marmara lokacin aikin hanya, bangonsa ya fi tsayin mutum biyu, nan muka jingina kwalin. Kar ka raina .22 don ƙanƙanta, a jikin kwalin harsashin ma an rubuta cewa yana iya kai sama da mil ɗaya, ga Fulani da shanu ta gabas, don haka sai da na sa ƙanena ya zaga ya faɗa musu kafin in ɗora komai.

Na bi yadda ka koya min a waya. Na zare bolt, ƙarfen da ke toshe bayan bututun, na kwantar da bindigar kan buhun yashi, na leƙa ta cikin bututun har na ga baƙin ɗigon da na zana a mita 25, sannan na juya sikof, wato madubin saiti, har giciyen da ke cikinsa ya hau kan ɗigon. Harbi uku na farko suka taru waje ɗaya, amma ƙasa da santimita 9, hagu kuma santimita 5. Nace ai wannan mai sauƙi ne. A jikin murfin sikof an rubuta kowane kilik kwatan inci ne a yadi 100, wato kusan milimita 7 a mita 100, na buga lissafi na murɗa 13 sama, 7 dama, na harba. Wallahi kamar ban taɓa ba, ɗan motsi kaɗan ya yi. Na fara zagin sikof a raina, ina cewa an sayar min da jabu. Ƙanena ne, wanda ko lastik bai iya harbawa ba amma ya yi lissafi a makaranta, yace yaya ai kai a mita 25 kake ba 100 ba, kilik ɗinka kwata yake tafiya, ka ninka sau huɗu. Haka ne kuwa, a wannan tazarar kilik ɗaya bai kai milimita 2 ba, 52 ya kamata in murɗa ba 13 ba. Na yi shiru na ƙarasa murɗawa, ban ko kalle shi ba.

Da muka matsa mita 50 nan wahalar gaske ta fara. In harba biyu su zauna kusa da juna, na uku ya tafi dama, in gyara, na gaba ya koma hagu, in sake gyarawa. Ina ta bin rami ɗaya ɗaya kamar mai korar kaza a fili, abin da kai da bakinka ka hana ni, kace a harba biyar a duba tsakiyarsu sannan a taɓa sikof. Harsashi kusan 30 na ƙona a banza, kuma ka san nan ba kamar wajenku ba ne da za ka shiga shago ka ɗebo, sai wajen dila mai lasi da takardarka a hannu. Sai da na tashi shan ruwa na kama sikof ɗin da hannu naji ya ɗan yi ƙwas. Ashe noti ɗaya na zoben baya da ke riƙe sikof ɗin ban ɗaure shi da kyau ba tun daga gida, ina sauri ranar saboda an ɗauke wuta ina aiki da tocilan waya. Na ɗaure, na koma farko.

Daga nan abu ya zauna. Harsashi iri uku na kawo, biyu masu gudu na daidai, ɗaya mai saurin nan da ake rubuta masa babban gudu a kwali, duk nauyin dalmarsu ɗaya. Duk sanda na canza iri sai in zubar da kamar biyar a gefe tukuna, don kowane kamfani da irin kakin da yake shafa wa dalmar, sai bututun ya saba da sabon kafin ya nuna gaskiyarsa. Ni a zuciyata mai saurin zai ci, ai mai gudu shi ne gwani. Ina! Shi ya fi kowa watsewa, biyar ɗinsa sun kai faɗin santimita 4. Ɗaya daga cikin masu sanyin nan kuwa kwandalar sidi ɗaya ta rufe ramukan biyar ɗin. Daga baya na tuna bayaninka, mai saurin yana fita ne sama da gudun sauti, a hanya ya faɗo ƙasa da shi, wannan tsallakawar ke girgiza shi, iska ma ta fi ture shi, shi kuwa mai sanyin tun daga baki yana ƙasa da gudun sauti har ya isa. Na bar saitin a mita 50. Na gwada biyar a mita 100 don in gani, sun sauka kusan taƙi guda ƙasa da ɗigon, ga iskar hunturu ta kwashe su gefe, nace toh ni da nama iyakarmu 60 ko 70, abin da ya wuce haka Allah ya raka shi.

Yanzu maganar da kake ta min ta in fara ɗura harsashina da kaina kamar yadda kake yi. Mutumina ka manta abu biyu. Na ɗaya .22 LR abin tayar da wutarsa a cikin leɓen kwanson yake, allura ta dake shi ta lotsa, shikenan kwanson ya gama aiki, ba irin naka ba ne da ake cire hular tsakiya a sa sabuwa. Na biyu nan Ghana ne ba Ohio ba, doka ta hana ƙera makami ko harsashi sai da izinin gwamnati, ni kuma ban shirya kwana a sel saboda akranti ba. Amma na ga abin da idona ranar, shi ne ma ainihin abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan dogon surutu.

Ka tuna Baba maharbi mai bukka a bakin rafi, wanda ya taɓa ba mu ƙafar gada muna yara? Yana nan da ransa, ƙarar harbi ta jawo shi, ya zo rataye da tsohuwar Baikal ɗinsa mai baki ɗaya, ta Rasha, gindinta ɗaure da robar taya. Ya tsaya yana kallona ina auna rami da tef yana dariya, yace yaro nama kake nema ko ɗinki. A aljihunsa akwai katirij iri biyu, na kamfani, da waɗanda wani ke sake ɗura musu a tsohon kwanso yana sayar musu da araha. Nace Baba don Allah mu gwada su a kwali, sai an gwada akan san na ƙwarai. Da ƙyar ya yarda. Na zana da'ira mai faɗin inci 30 a tazarar yadi 40, yadda ake gwada bindigar ƙwaya.

Na kamfani biyu ya harba, ƙwayoyin suka bazu daidai kamar an yayyafa gero, na farko da na biyu kusan kamanninsu ɗaya. Sai na ɗurin hannu. Na farko ya yi wata ƙara har tsuntsaye suka tashi daga kan dorawa, Baba ya ja da baya taku ɗaya, kwanson ya kumbura ya maƙale sai da muka zura sanda ta baki muka turo shi. A kwalin kuwa ƙwayoyin sun taru gefe ɗaya, tsakiya akwai filin da zabo zai wuce da fukafukansa a buɗe. Na biyu ya yi fus kamar an buɗe kwalbar lemo, ƙwaya ƙalilan suka isa kwalin wasu ma ba su huda ba. Baba ya karya bindigar zai sa na uku na riƙe hannunsa nace tsaya mu leƙa. Wallahi toshiyar da ke raba albarushi da ƙwaya a cikin katirij tana nan zaune a tsakiyar bututun, ba ta fita ba. Da ya ɗora wani a kai ya ja kunama, bututun ne zai fashe daidai inda hannunsa na hagu yake. Jikina sai da ya yi sanyi. Shi kuwa ya turo ta da sanda ya jefar, yace ai takan yi haka.

Kaga bambancin kenan. Kai kana da sikeli mai auna ƙwayar albarushi, kana da littafin kamfani da ya faɗi iyakar da ba a wucewa, kana rubuta komai, ka ɗura biyar biyar ka je fili ka gwada. Wannan kuwa da ido da murfin kwalba ake yinsa, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan, kuma talauci ne ya kai su ba ganganci ba, don kwalin katirij 25 na kamfani ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai noman eka biyu. Na karɓe sauran huɗun da ke aljihunsa nace zan aiko masa da kuɗin na kamfani ya saya da takardarsa, ya ba ni yana ƙunƙuni, wai shekara arba'in yana cin nama bai taɓa harbin kwali ba. Kuma gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, shi ba ya harbi sai ya matso taku goma sha biyar, iska na busowa ta fuskarsa, a wannan kusancin ko me ka zuba zai kayar.

Kafin ya tafi nace ya ɗana tawa. Mutumin da bai taɓa sa ido a sikof ba, sai da na nuna masa inda zai aje kumatu. Ya kwanta kan buhun, ya yi bisimilla, ya harba biyar a hankali kamar ba ya so. Muka je duba, ramukan sun haɗe sun zama ɗaya, sun fi nawa matsewa nesa ba kusa ba, da harsashi iri ɗaya, bindiga ɗaya, iska ɗaya. Yace bindigarka lafiyarta ƙalau, kai ne kake fizgar kunama kamar mai tada janareto, kuma kana rufe ido kafin ta tashi. Ƙanena ya yi ta dariya har da riƙe ciki, kuma ya ɗauka a waya, in ya turo maka bidiyon kar ka sa a gurup ɗin 'yan makaranta don Allah.

Tun da na dawo kullum bayan isha'i sai in rufe ɗaki, in tabbatar ba komai a cikinta, in sa kwanson roba, in yi ta koyon matsa kunama a hankali ina kallon ƙusa a bango. Sati mai zuwa zan koma Ejura in kwana biyu, Baba yace zai nuna min hanyar da akrantin ke bi daga rafi zuwa rogo.

Abu ɗaya nake so, in akwai mai zuwa gida kafin azumi ka ba shi abin toshe kunne irin mai kama da hedfon guda biyu, ɗaya nawa ɗaya na Baba, don na lura sai an ɗaga murya yake ji ta kunnen hagu. Ban da wannan kar ka sako komai da ya shafi bindiga a kaya, ko kwanso ɗaya, kar ka jawo wa bawan Allah magana a filin jirgi. Ka turo min hoton kwalin da ka harba da sabon ɗurin naka in gani, da tef a kai, ba na son labarin baki.

Ka gaida madam, ka shafa min kan yara.

Naka,
na Aboabo