Kundin gidan wayar Ingila da adakar babanmu

Malam Edita, assalamu alaikum,

Ina miƙa gaisuwa gare ka da abokan aikinka. Wani abokina ne ya sa na ɗauki waya nake rubuto maka wannan, muna hira a majalisa sai maganar taskar takardun gidan wayar Ingila ta taso, wadda tun 2005 hukumar kula da gidajen tarihi ta can ta saka ta cikin kayan tarihi masu muhimmanci ga ƙasa baki ɗaya, sai ya kwashe da dariya yace Turawa dai ba su da aikin yi, tsofaffin rasit da ambulan ne za a ce wai gadon ƙasa? Ni kuma wallahi abin ya tsaya min a rai.

Takardun nan na Royal Mail, wato gidan wayar Ingila, suna komawa har 1636, shekara ɗaya kenan bayan Sarki Charles na ɗaya ya buɗe wa talakawa damar aika wasiƙa ta hanyar sarki a 1635, kuma in aka jera su a kanta sun haura mil 2. Yanzu suna gidan tarihin gidan waya da aka buɗe a Landan a 2017, kusa da ɗan jirgin ƙasan nan na ƙarƙashin ƙasa da ya yi jigilar buhunan wasiƙu daga 1927 zuwa 2003. Har da kan sarki na farko a duniya, Penny Black na 1840, mai hoton Sarauniya Victoria. Ai kun ga inda muka samo sunan kan sarki ma, kan mai mulki ne ake bugawa a jiki, mu dai muka ga kai muka raɗa masa suna.

Amma ni ba kan sarkin ne ya fi taɓa ni ba, littattafan ɗaukar ma'aikata ne da na fansho. Bature zai iya zuwa ya nemi sunan kakan kakansa da ya yi yawon raba wasiƙa a ƙafa, ya ga ranar da aka ɗauke shi aiki da ranar da ya ajiye. Sarakuna kowa na rubuta tarihinsu, mai raba wasiƙa wa zai tuna da shi in ba irin wannan kundin ba?

Babanmu, Allah ya jiƙansa, gidan waya ya yi aiki tun zamanin tsohuwar hukumar wasiƙu da sadarwa ta gwamnati, wato P&T, kafin a raba ta a 1985. Yana da wata adaka a ƙarƙashin gado, takardar ɗaukarsa aiki, kwafin mani oda, wasiƙun ajami da mutanen ƙauye ke kawo masa ya rubuta musu adireshi da boko a bayan ambulan, duk suna ciki ɗaure da zare. Bayan rasuwarsa muka buɗe sai ƙasa ja, gara ta gama da su, hatiminsa na roba kawai muka tsira da shi. Laifinmu ne, mu 'ya'yansa, ba wanda ya taɓa tunanin abin ajiyewa ne.

Mu ma fa muna da tarihin, a Legas an buɗe gidan waya tun 1852, Arewa kuma ta sami kan sarkinta a 1900. Roƙona Malam Edita, ku tura wakilinku taskar adana takardu ta ƙasa da ke Kaduna da Arewa House ya tambayo mana me suke da shi na gidan waya, kuma ta wace hanya mai tsohuwar wasiƙa a gida zai kai musu, ko da hoto ne a ɗauka a mayar masa da abarsa. Tsofaffin ma'aikatan ma akwai sauransu, a yi hira da su tun suna da ƙarfin magana.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai bibiyarku kullum, daga Zariya